Ƙwaƙƙwafin Keken Ɗinki

Tun tana 'yar mitsitsiya ba a barin ta ita kaɗai a ɗaki da abin da ke da noti a jikinsa. Agogon bango, tocila, kwaɗon akwati, rediyon Baba, babu wanda bai ɗanɗana kuɗarsa a hannunta ba. Sai a shigo a tarar da ita zaune dirshan, ta baje hanjin abu a faranti, harshe a waje, tana son ta gano wane ƙarfe ne ke tura wane. Mahaifiyarta ta yi faɗa har bakinta ya gaji, ta koma haɗa ta da Allah. "Wannan ƙwaƙƙwafin naki," in ji ta, "shi zai hana ki zaman lafiya a duniya." A gidansu kalmar zagi ce. Haka ma a makaranta, inda 'yan ajinsu ke janye jakunkunansu in ta matso, wai kada ta kwance musu zif.

Babanta tela ne. Wata rana da ya fita ta zauna wa kekensa na ɗinki, ta kwance shi kaf, ta zo mayarwa abu ya gagara. Ya dawo ya same ta tana kuka, ga wasu ƙarafa a tafin hannunta da ta rasa mazauninsu. Kowa ya ɗauka ranar sai an ƙwace ta a hannunsa. Shi kuwa sai ya zauna a ƙasa kusa da ita, suka yi ta gwadawa har keken ya tashi. Bai yabe ta ba, bai kuma dake ta ba. Abin da ya ce kawai, gobe in za ta kwance abu ta riƙa jera kayan bi da bi yadda ta ciro su.

Ta girma, ta yi aure, ta haifi maza biyu da ko ƙwan fitila ba sa iya canzawa sai sun kira ta. Mijinta direban bas ne, mutum mai sanyin hali, yana kiran ta Injiniya, rabi tsokana rabi alfahari. Shagonta na gyaran keken ɗinki yana ƙarshen layin teloli, a ƙarƙashin matakalar wani bene, duk wanda ya hau sai ta ji takunsa a tsakiyar kanta. Kawunan kekuna jere a kan tebur suna jiran layi, gwangwanayen madara cike da noti, ga warin man keke da ya kama labule da tufafi har da burodin da take ci da rana. A lungu akwai wata tsohuwar kwamfuta da wani ofis ya yar, mijin ya tsinto mata, ta tashe ta da hannunta. Ƙanwarta, wadda kowa ke kira Auta, ta zo taya ta na ɗan lokaci bayan ta gama makaranta, kuma ɗan lokacin nan har yau bai ƙare ba. Aikin Auta shi ne miƙo sukuddireba, goge mai, da yin shiru.

Teloli suna girmama ta, ba ƙarya, amma irin girmamawar da ake yi wa wanda ake bukata. In ta fara yi wa mutum bayanin yadda bakin ƙoshiya, ƙarfen da ke juyawa a ƙarƙashin allura, ke cafke zare daidai lokacin da allura ta fara ɗagowa, sai ta ga idonsa ya tafi titi. "To, Malama, yaushe zan zo in ɗauka?" Shi ke nan. Ta haura arba'in ba ta taɓa samun wanda ya saurari maganarta har ƙarshe ba.

Rannan tana neman hoton wani ƙarfe a intanet sai ta faɗa wani wuri. Irin shafin nan ne da ake kira wiki, inda kowa zai iya buɗe akawun ya rubuta abin da ya sani, wani ya zo ya gyara ko ya ƙara. A can sama an rubuta da manyan baƙaƙe: Dandalin 'Yan Ƙwaƙƙwafi. Kowane shafi da kalmar yake farawa. Ƙwaƙƙwafin rediyo. Ƙwaƙƙwafin agogo. Ƙwaƙƙwafin janareta. Mutane ne da za su cika shafi guda a kan wata 'yar waya ja, su yi ta musu a kanta har mako ya zagayo, kuma babu mai duban titi. Kalmar da aka yi ta jifanta da ita tun tana yarinya, ga wasu sun ɗauka sun rataye a ƙofar gidansu. Ta ji kamar an kira sunanta a tashar garin da ba ta san kowa ba. Nan take ta buɗe akawun, ta raɗa wa kanta Kwarkwaro, ɗan abin nan da ake naɗe zaren ƙasa a jikinsa. Da wannan sunan za mu ci gaba da kiran ta, don shi ta fi so.

Ta duba babu shafin keken ɗinki, ta ce to ga nata gurbin. Ta rubuta shi a hankali tsakanin aiki da aiki, ta sa masa suna irin na sauran, Ƙwaƙƙwafin keken ɗinki. Washegari ta nemi shafin ta rasa. Wani daga cikin masu kula da dandalin, mai suna Fis, ya ɗauke shi ya kai sashen ayyukan gida, ya ajiye shi kusa da yadda ake cire tabon mai a riga. Har da ɗan bayaninsa: "Wannan ba ƙwaƙƙwafi ba ne, ɗinki ne. An kai shi inda ya dace."

Bawan Allah bai san wadda ya taɓo ba. Ta mayar, ya ɗauke. Ta mayar, ya ɗauke. Da ta ga abin ba na ƙarfi ba ne sai ta koma shafin tattaunawa, inda ake baje hujja. Ta farke cikin keke ta ɗauki hotuna, ta zana yadda juyi guda na hannu ke rabuwa gida uku, wani ya ɗaga allura, wani ya juya ƙoshiya, wani ya ja yadi, kuma in ɗaya ya makara da faɗin gashi ɗinki ya lalace. Ta tambaye su, wane agogo ne ya fi wannan tsari? Aka ce mata ai abin mata ne, ta ce ƙarfe bai san mace ba. An fi shekara ana wannan ja-in-ja, har mai shafin agogo ya gaji ya ce shi dai ya karanta, kuma wannan matar ta fi su ciwon ƙwaƙƙwafi. Aka mayar mata da sunan shafinta. Ranar ta rufe shago da wuri, ta je tasha ta jira bas ɗin mijinta, ta shiga ta zauna a gaba, ta yi ta ba shi labari yana zagaya gari da fasinja. Bai gane rabin abin da take faɗa ba, amma ya yi ta cewa madalla.

Shekarun da suka biyo baya su ne masu daɗin rayuwarta, kuma ita ma ta sani.

Daga baya hannunta ya fara rawa, a ɗan yatsa abin ya soma. Ta ce gajiya ce. Sai noti ya fara suɓuce mata, sai bakin sukuddireba ya riƙa zamewa yana karce fentin keken mutane. Likita ya gwada ta ya ce irin ciwon nan ne da ba ya komawa baya, magani dai zai rage masa gudu. Ba ta gaya wa kowa a layin ba. Ta tura Auta kan benci, ita kuma ta tsaya a kanta tana ba da umarni da ƙarfi yadda teloli za su ji, "Sassauta na hagun! Ba wannan ba, na ƙasansa!", alhali hannun Auta ya riga ya kai wurin kafin ta buɗe baki. Hannunta na dama kuwa yana naɗe cikin tsumman goge mai. Kwamfuta ma ta zame mata abokiyar gaba, ta danna harafi ɗaya uku su fito. Ta yi watanni ba ta leƙa dandalin ba, don ba ta son ta ga abin da ta kasa.

Da ta daure ta koma, abu biyu ta tarar. Na farko, wani mai suna Mai Leƙe ya ƙara ɗan sashe a shafinta, a kan yadda za ka gane ciwon keke da kunne tun kafin ka kwance shi. Ta karanta da niyyar gogewa, ta rasa inda za ta kama. "Ba laifi," ta ce a ranta, "wannan ya taɓa zama kusa da keke." Na biyun shi ne ya tsinka mata gaba. Sanarwa ce a saman kowane shafi, wai ana shawarar a cire kalmar ƙwaƙƙwafi daga sunayen shafuka gaba ɗaya. Ƙwaƙƙwafin rediyo ya koma Gyaran rediyo, haka har ƙasa. Wata mai suna Ƙyalli ce ta kawo shawarar. Ta rubuta cewa ita ta daɗe tana zagaye dandalin ba ta shiga ba, don sunan yana ce mata nan gidan wasu ne, sai ka ci jarrabawa kafin a ba ka kujera. Ta ce akwai masu gyara da yawa, mata da maza, da ba za su taɓa kiran kansu 'yan ƙwaƙƙwafi ba, kuma da su ma aka gina wurin. An yi ta tattaunawa tun lokacin da ta daina leƙawa, yanzu an buɗe ƙuri'a, kowane mutum guda ɗaya.

Kwarkwaro ta yi safiya guda tana rubuta amsa, tana dannawa tana gogewa, ta riƙe hannun dama da na hagu. Ta ce ita ma mace ce, ita ma an rufe mata ƙofar, amma ba ta ce a cire allon gidan ba, bugawa ta yi har aka buɗe. Ta ce in ana son mutane su shigo a faɗaɗa ƙofa, kada a ce wa na ciki su manta sunansu. Ta ce gyara sana'a ce, kowa na yi don ya ci abinci, amma wanda ke kwance lafiyayyen abu don kawai ya ga cikinsa, wannan ba mai gyara ba ne, yana da sunansa. Abin da ba ta rubuta ba shi ne, gyaran ma ya fi ƙarfinta yanzu. In shafin ya koma Gyaran keken ɗinki, to ya zama shafin abin da ba ta iya yi. Kalmar nan ita kaɗai ta rage da ba ta bukatar hannu.

Aka amsa mata da ladabi, wanda ya fi zagi ciwo. Ƙyalli ta ce ai a shafin Kwarkwaro ta fara koyon riƙe sukuddireba, kuma babu harafi ɗaya da za a taɓa a ciki, suna ne kawai. Suna ne kawai! Ƙuri'u suka yi ta taruwa a ɓangaren canji. Har Fis, mutumin da ya tsare mata ƙofa shekara guda, ya sa hannu a can, wai ya yi tunani ya ga sun daɗe suna korar mutane. Wannan ta fi ƙona mata rai. Sai da ta shigo ta zauna sannan ya gano cewa gidan ba ya bukatar suna.

Abinci ya daina shiga. Tana tsaye a kan Auta amma hankalinta na lungu, kowane ɗan lokaci ta je ta duba ko an samu ƙari a ɓangarenta. Waɗanda suka tsaya tare da ita ba su da yawa, tsofaffin hannu ne, wasu ma sun daina shigowa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da saƙo, wani ya amsa wani ya yi shiru. Tazarar ba ta da yawa, abin da ya ƙara haukata ta ke nan. Da an yi mata nisa da ta haƙura. An ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

"Baban yara," ta ce wa mijinta da ya biyo shagon da rana, "kai ba ka yarda ni 'yar ƙwaƙƙwafi ba ce?"

"Wa zai musa? Ni da na kwana da rediyo a warwatse a kan gado?"

"To zan buɗe maka akawun ka faɗa musu."

"Injiniya, ni ina na iya waɗannan abubuwan?"

"Ni zan rubuta. Kai dai ka ce ka yarda."

Ya ce ya yarda, kamar yadda yake yarda da duk abin da ta kawo. Telan da ke maƙwabtaka da ita ma ya yarda, kansa na kan ɗinki, bai ma ji tambayar sosai ba. Mai shayin bakin layi ya yarda. Babban ɗanta ta waya ya ce duk yadda ta yi daidai ne. A ganinta babu ha'inci a ciki, ai mutane ne masu rai, kuma kowa ta tambaye shi da bakinta. Auta ce kaɗai ta ɗago kai daga benci.

"Yaya, ki bar ni daga ciki."

"Don me?"

"Ni dai ki bar ni."

"Ke da kike cin abinci da wannan ilimin? Kawo mini man keke, ki daina shirme."

Ta buɗe har da na Auta, wanda ta kira Allura. Kuma da yake hali zanen dutse ne, ba ta iya yin abu a hargitse ba. Ta zauna a kwamfutar shago ta buɗe su a jere, ta raɗa musu suna yadda ake kwance keke daga sama zuwa ƙasa: Zare, Allura, Ƙoshiya, Bel, Feda. Kowanne ya shiga bayan ɗan'uwansa ya jefa ƙuri'a, kowanne da gajeren dalilinsa mai tsabta. Ta duba aikinta ta ji daɗi, ɓangarenta ya ɗago. Ko makaho ya shafa ya san hannu ɗaya ne ya jera su, ita kaɗai ce ba ta gani ba.

Ba a kwana biyu ba aka kama ta. A dandalin akwai sunan da ake kiran irin waɗannan akawun, 'yan tsana, wato mutum ɗaya ne ke motsa su yana magana da muryoyi da yawa, kuma babu laifin da suka tsana kamarsa. Masu kula suka bincika suka ga duk daga kwamfuta ɗaya suka fito. Suka toshe duk wani akawun da ya taɓa shiga daga wannan kwamfutar, suka soke ƙuri'unsu har da tata ta gaskiya, suka goge duk abin da 'yan tsanan suka taɓa rubutawa. Ita Kwarkwaro aka ce ba za ta sake rubutu a dandalin ba sai bayan shekara. Karatu dai ba a hana ta ba. Don haka da idonta ta ga an rufe ƙuri'a, da idonta ta ga sunan shafinta ya koma Gyaran keken ɗinki. Garin neman gira ta rasa ido.

Ta yi kuka, kuka na gaske, ta kifa kai a kan teburin kwamfuta, ana ta hawa bene ana sauka a kanta. Shekara! Su suna ganin sun yi mata sassauci. Ita ta san hannun da take da shi, ta san inda zai kai kafin shekara.

Sai da ta share ido ta lura shagon ya yi tsit, babu ƙarar aiki. Auta na zaune a benci, hannuwa a cinya, tana kallon bango.

"Ke kuma lafiya? Ni aka kora, ba ke ba."

"Har da ni."

"Allurar? Ai ba ki ma so ta ba."

"Ba ita ba. Duba shafin, Yaya. Sashen kunne yana nan?"

Ta duba. Babu shi. An goge, an rubuta a gefe cewa rubutun 'yar tsana ne.

"Ni ce Mai Leƙe," in ji Auta. "In kin tafi asibiti nake zama in rubuta."

Kwarkwaro ta ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

"In ce miki me? Ke ce 'yar ƙwaƙƙwafi. Tun muna yara ke ce. Ni mai miƙo sukuddireba ce. Shekara nawa ina kallon shafin nan ta bayan kafaɗarki, ina jin akwai abin da na sani da ba ya ciki, amma in na ga sunan sai in ce wannan na su Yaya ne. Sai da na ga matar nan ta ce a canza, na ce ashe ba ni kaɗai ba ce. Ranar na buɗe nawa." Ta juyo ta dubi yayarta. "Abu ɗaya na taɓa rubutawa a duniya, Yaya. Yanzu sun ce ni ba mutum ba ce. Sun ce ke ce."

Babu abin da aka taɓa gaya wa Kwarkwaro da ya shige ta kamar wannan. Ta so ta yi faɗa, don faɗa ne abin da ta iya, ta nemi wanda za ta yi da shi ta rasa. Kunya ta rufe ta, ga baƙin cikin nata rashin bai tafi ko'ina ba.

'Yan dandalin da ke garin suna haɗuwa ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, da yamma, a wani ɗaki a bayan ɗakin karatu. Ba ta taɓa zuwa ba. A rubuce ta fi ƙarfi, kuma ba ta son a ga fuskarta a fara lissafin shekarunta. Wannan Asabar ɗin ta rufe shago, ta ce wa Auta ta sa takalmi.

Ɗakin yana da dogon tebur cike da wayoyi da buɗaɗɗun rediyoyi, ana ta hayaniya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama da muryar da take yi wa teloli.

"Wane ne Fis a cikinku?"

Wani siririn mutum mai furfura, sa'anta ko ya ɗan girme ta, ya miƙe yana gyara tabarau. Ta daɗe tana zana shi a ranta ƙato mai tumbi.

"Ni ce Kwarkwaro."

Kowa ya juyo. Wata matashiya a ƙarshen tebur ta dafe baki ta miƙe tsaye, ba sai an faɗa ba, Ƙyalli ce. Kwarkwaro ba ta dube ta ba. Ta jawo Auta gaba da hannun hagu.

"Wannan ita ce Mai Leƙe. Ku dube ta da kyau. Ga hannu, ga ƙafa, tana numfashi. Sauran ni na yi su, ku riƙe su. Wannan ba ni na yi ta ba, uwarmu ce ta haife ta."

Fis ya yi gyaran murya, ya tambayi Auta a hankali, in keke yana ƙara kamar ana taunar tsakuwa me ke damunsa. Auta ta amsa ƙasa-ƙasa, idonta a kan takalminta. Ya sake tambaya, ta sake amsawa, wannan karon ta ɗan ɗago. Wani ya turo mata kujera. Kafin a jima mutum uku na yi mata tambaya lokaci guda, tana kwatanta ƙarar da bakinta, ana dariya. Fis ya ce a buɗe akawun ɗinta yau, a mayar da sashenta.

"Ni kuma fa?" in ji Kwarkwaro. Ba ta yi niyyar tambaya ba, fitowa ta yi.

Fis ya cire tabarau ya goge. "Malama, babu wanda bai san abin da kika yi wa dandalin nan ba. Ni na fi kowa sani. Amma doka ce, in muka ɗaga miki sai mun ɗaga wa kowa. Shekara ba ta da yawa. Kamar gobe ne."

Da ta zaro hannun daga cikin mayafi ta ɗora a kan teburin, da sun gani, wataƙila da sun sake shawara. Ta san haka. Ta ji hannun yana karkarwa a jikin cikinta, ta ƙara matse shi. Ta shekara tana roƙon mutumin nan ya yarda ita gwana ce, ba za ta tsaya gabansa yau ta roƙe shi ya ji tausayinta ba.

"Kamar gobe ne," ta ce.

Fis ya ƙara da cewa, cikin jin nauyi, yanzu za su shiga maganar dandali, kuma wanda aka toshe ba ya zama a wannan ɓangaren. Auta ta yunƙura za ta tashi, Kwarkwaro ta harare ta.

"Zauna. Wa ya ce ki tashi?"

Akwai benci a barandar waje, ta zauna a kai. Ta cikin ƙofa tana jin muryoyi, jefi-jefi har da ta Auta, wadda ba ta taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba. Tana nan zaune sai ga wata mata ta hawo matakala tana haki, ta rungumo kan keken ɗinki a ƙirji, an naɗe shi da tsohon zane. Ta sauke shi a gefen bencin tana yarfe hannu. Zanen ya zame, Kwarkwaro ta ga tsohon ƙarfe ne mai kyau, irin wanda ba a yi yanzu, kuma tun daga yadda sandar allurar ta karkace ta san inda ciwon yake. Yatsunta suka motsa da kansu.

"Sannu, baiwar Allah," in ji matar. "Nan ne wurin masu gyara? Na mahaifiyata ne, ina son in koyi tayar da shi da kaina. Na daɗe ina ganin shafinsu, da can na ɗauka na manyan masana ne." Ta dubi Kwarkwaro, ta dubi ƙofar. "Ke ma cikinsu kike?"

Kwarkwaro ta ɗauke ido daga kan keken.

"A'a," ta ce. "Ƙanwata nake jira. Shiga, ki ce a nuna miki Auta."

Ta janye ƙafafunta ta ba matar hanya.